Masu Tseren Keke A Duwatsu: Ina Iyakar Dauriya?

Yau ina so in ɗauke ki, uwargida, tare da ƙanwata 'yar makaranta, mu leƙa wani wuri da ba mu saba leƙawa ba, watau wurin masu tseren keke a cikin duwatsu. Kada ki ce ina ruwan biri da gada. Da ruwanki ƙwarai, domin a ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya ki shiga unguwar da babu keke, kuma duk inda keke yake faɗuwa tana kusa. Abin da ya kamata a yi bayan an faɗi, shi ne zancenmu na yau.

Mu dai mutane ne masu girmama dauriya. Yaro ya faɗi, tun ba a duba inda ya bugu ba an ce masa, "Tashi, namiji ba ya kuka." Yarinya kuwa tun tana ƙarama ake koya mata cewa raki abin kunya ne, har ta girma ta zama matar da za ta wuni da ciwo tana daka tana surfe, ba wanda ya ji ko nishinta. Dauriya halin kirki ce, ba mai musun wannan. Amma tana da iyaka, kuma masu tseren keke sun san iyakar nan fiye da kowa, wasu ta hanyar hankali, wasu kuwa ta hanyar hasara.

Wane Irin Tsere Ne?

Keken da ake wannan tsere da shi ya sha bamban da Raleigh irin na iyayenmu. Tayoyinsa masu kauri ne, masu haƙora don su kama ƙasa, yana da giya iri-iri don hawa da gangara, yawancinsu kuma suna da abin shanye girgiza a gaba kamar na babur. Hanyarsu burji ce da turbar daji, da tsakuwa da taɓo, da gangaren da in mutum ya kuskure sai dai a tsince shi.

Daga cikin mafi tsawon irin wannan tsere akwai wanda ake kira Tour Divide. Cikin watan Yuni ake tashi daga garin Banff na ƙasar Kanada, a bi jerin manyan duwatsun da ake kira Rocky, a ratsa Amurka daga arewa zuwa kudu, sai an dangana da Antelope Wells a kan iyakar Meksiko. Tsawon hanyar wajen kilomita 4,400 ne. Don ki gane nisan, daga Gumel zuwa Kano wajen kilomita 120 ne. To, ki ƙaddara mutum ya je Kano ya komo a kan keke har sau 18 a jere.

Dokar tseren kuma mai tsanani ce. Babu motar da ke bin mutum a baya, babu mai miƙa masa ruwa, babu mai yi masa faci. Guzurinsa da bargonsa da kayan gyaransa duk a jikin keken suke. An yarda ya tsaya a gari ya sayi abinci ko ya ga likita, amma da kansa zai kai kansa, agogo kuwa yana ta tafiya dare da rana. Saboda haka na gaba-gaba barcinsu bai wuce 'yan awoyi kaɗan a gefen hanya. Wanda ya zo na ɗaya kuma ko kwabo ba a ba shi.

Matar Da Ta Kai Kanta Asibiti

A 2015 wata 'yar Amurka mai suna Lael Wilcox, mutuniyar garin Anchorage a jihar Alaska, ta shiga tseren nan tana da shekara 28. Ko wurin tashin ma a kan kekenta ta je tun daga Alaska, tafiyar fiye da kilomita 3,000. Kwanaki kaɗan da fara tsere sai ciwon ƙirji ya kama ta, ga tari ga shaƙewar numfashi, ga kuma hawan dutse cikin iska mai sanyi. Duk mai tsere a irin wannan hali zuciyarsa takan ce masa ya daure, kada na baya su cim masa. Ita kuwa da ta isa Helena, babban birnin jihar Montana, sai ta juya kan kekenta zuwa asibiti. Aka duba ta, aka ba ta magani, sa'an nan ta koma kan hanya.

Lokacin da ta ɓata wurin likita duk an lissafa mata shi. Duk da haka ta kai iyakar Meksiko cikin kwana 17 da awa 1 da minti 51, watau ta rage fiye da kwana biyu a kan mafi saurin da wata mace ta taɓa yi kafin ita. Da ta warke, cikin watan Agusta na wannan shekarar dai, ta sake bin hanyar ita kaɗai, ta gama cikin kwana 15 da awa 10 da minti 59. Ita ce kuma a 2024 ta zagaye duniya a kan keke cikin kwana 108.

Uwargida, ki lura da abu biyu a nan. Na farko, ta daure, amma sai da ta kai ciwon gaban wanda ya san shi. Na biyu, tafiyar da ta yi da lafiyarta ta fi wadda ta yi da ciwo sauri da fiye da kwana ɗaya da rabi. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce lafiya uwar jiki.

Mace Ɗaya, Rauni Biyu

Ga kuma Jolanda Neff, 'yar ƙasar Siwizalan. Nata tseren gajere ne, bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba, amma a kan duwatsu da saiwoyin itatuwa ake yinsa, da gudu mai tsanani. Cikin Disamba 2019 tana gwaji a wani daji a jihar North Carolina ta Amurka, ta yi mummunar faɗuwa. Haƙarƙarinta ya karye, huhunta ya taɓu, saifarta kuma ta fashe, jini yana zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Likitoci suka toshe jijiyar da ke kai wa saifar jini don su tsayar da zubar, aka kuma hana ta aikin ƙarfi na tsawon lokaci. Wannan mata da ta saba wuni a kan keke ta haƙura ta kwanta.

Cikin Yuni 2021 kuma, a wani tsere a Leogang ta ƙasar Ostiriya, ta sake faɗuwa ta bugu a hannu. Wannan karon ta tashi ta hau, ta ƙarasa, har ta zo ta huɗu. Da aka ɗauki hoton hannun aka ga karaya ce, aka yi mata magani. Bayan mako shida, ran 27 ga Yuli 2021, ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo, ta ba ta biyu ratar fiye da minti ɗaya.

Kin ga mace ɗaya, zuciya ɗaya, amma rauni biyu, kowane da abin da ya dace da shi. Na hannu ta daure na ɗan lokaci, kana ta nuna shi. Na ciki kuwa babu zancen dauriya, domin da an yi jinkiri da sai dai wani labarin. Da ba ta kwanta a 2019 ba, da ba ta tsaya a gaban duniya a 2021 ba.

Waɗanda Suka Wuce Iyaka

Akwai kuma waɗanda dauriya ta cuta, kuma sanannun misalansu daga tseren kan kwalta suke, watau babban tseren ƙasar Faransa da ake kira Tour de France. A 2020 wani Bafaranshe, Romain Bardet, ya faɗi ya bugu a ka. Ya miƙe, jiri ya mayar da shi ƙasa, ya sake miƙewa ya hau, ya tuƙa wajen kilomita 90 cikin duwatsu har ƙarshen tafiyar ranar. Da yamma da aka duba shi aka ga ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga, daga baya hoto ya nuna har da ɗan zubar jini a ciki. Nan tserensa ya tsaya. Allah ya yi da sauran kwanansa. A ƙarshen wannan shekarar hukumar tseren keke ta duniya ta fito da dokar yadda za a duba duk wanda ya bugu a ka, a kuma tsayar da shi in an ga alamar ruɗewa, ko da shi yana cewa lafiyarsa lau.

Tom Simpson, ɗan Ingila, bai sami wannan sa'a ba. Ran 13 ga Yuli 1967 yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, ga ciwon ciki da ya kwana biyu yana fama da shi. Ya faɗi, aka ɗora shi ya ci gaba, bai yi nisa ba ya sake faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Shekararsa 29. Da aka bincika aka sami ƙwayoyin hana gajiya a jikinsa. Ƙwayar ta rufe bakin jikinsa, ya kasa jin kashedin da yake yi masa. Uwargida, in kin ji ana zancen samarin da ke shan tiramol don su wuni suna aikin ƙarfi ba su ji gajiya ba, ki tuna da wannan mutum. Gajiyar tana nan, jinta ne kawai aka kashe.

Abin Da Ya Sa Jiki Kan Yaudari Mutum

Hausawa sun ce jiki magayi, amma yakan yi jinkirin faɗa. Da zarar mutum ya faɗi ko ya firgita, jiki yakan saki wani sinadari da likitoci ke kira adiranalin. Zuciya ta ƙara bugawa, ƙarfi ya zo, zafin ciwo ya dushe na ɗan lokaci. Shi ya sa za ki ga wanda ya karye ya miƙe ya kaɗe rigarsa yana dariya, sai bayan awa ɗaya ko biyu wurin ya kumbura ya kasa motsa shi. Shi ya sa kuma maganar wanda ya faɗi yanzun nan, cewa ba abin da ya same shi, ba a gina komai a kanta. Wanda ya bugu a ka ma ya fi, domin abin da zai yi tunanin da shi, shi ne ya bugu.

Mu Dawo Gida

Ƙasarmu ba ta da duwatsu irin nasu, amma tana da rairayi, wanda daga gare shi ne ma jihar Jigawa ta sami sunanta. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a hanyar ƙauye ya san halinsa. Ana cikin tafiya tayar gaba ta nutse cikin yashi, keken ya tsaya cak, mai shi ya wuce ta gaba. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ki dubi yadda ake jibga wa keke buhu da jarkoki, ga babura ga manyan motocin shanu duk a hanya ɗaya. Lokacin kakar riɗi a wajajen Gagarawa ma haka. Yara kuwa su ne 'yan aike, su ne masu ɗebo ruwa, su ne masu goyon ƙannensu zuwa makaranta.

Mai tsere yana da lambar da yake nema in ya daure. Yaronki kuwa tsoro ne ke sa shi dauriya. Ya ɗauki keken babansa ba izini, ko keken haya ne ya lanƙwasa masa taya, ya san in ya faɗa bulala ce. Yarinya kuma tana gudun a ce mata, "Wa ya aike ki hawan keke?" Sai su shigo gida shiru, su ƙi cin tuwo, su kwanta da wuri. Mu da muke koyarwa mukan gan su washegari, wannan ya kifa kai a kan tebur, waccan ta riƙe alƙalami da hannun da ba ta saba ba. Saboda haka ga abubuwan da ya kamata kowace uwa ta riƙe.

In a ka ya bugu, ki sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, ko barcin da ya wuce kima har tashinsa ya yi wuya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruɗewar magana, ko mantuwar abin da ya faru, ko farfaɗiya, ko jini ko wani ruwa-ruwa daga kunne ko hanci, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. In kuwa yana kukan wuya ko gadon baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a tankwara shi, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a miƙe a kan abu mai ƙarfi, a riƙe kansa kada ya juya.

In a ciki ne, nan ne babban haɗari, domin sau da yawa ba a ganin komai a waje sai ɗan tabo. Ƙarfen da ake riƙe keke da shi yakan soki yaro a ciki in ya faɗi. Saifa tana gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita kamawa saifarsa takan kumbura, ta fi saurin fashewa. Wannan ya shafi 'ya'yanmu ƙwarai. In kin ga yana riƙe gefen hagu, ko yana kukan kafaɗar hagu alhali bai bugu a nan ba, ko ya yi fari fat, ga gumi mai sanyi, ga jiri, ga ƙishirwa, to jini ne ke zuba a ciki. Kada a ba shi abinci, kada a danna cikin, kada a jira gari ya waye. Alamun nan sukan ɓoye har awoyi, wani lokaci har kwanaki, kafin su fito.

In ƙashi ne, alamarsa kumburi da karkacewa da kasa amfani da gaɓar. Mun san akwai masu ɗori a garuruwanmu, kuma jama'a sun daɗe suna zuwa wurinsu. Amma ido da hannu ba su ganin abin da hoto ke gani, musamman karayar gwiwar hannu ta yara, wadda takan taɓa jijiyar jini. Babban abin tsoro shi ne ɗauri mai tsanani. Gaɓar da ta karye tana ci gaba da kumbura, karan ɗori kuwa ba ya buɗewa, sai jini ya daina kaiwa ƙasa. In yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka mutu ba ya jinsu, ko ciwon ya ƙaru har yaro ya kasa barci, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. A nan cewa yaro ya daure daidai yake da sayar da hannunsa, domin yara da yawa a ƙasar nan ta haka suka rasa gaɓa. Ga Babban Asibitin Gumel kusa, in abin ya fi ƙarfinsu ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

In fata ce ta yage, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasar ta fita, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba toka, ko baƙin mai, ko ƙasa. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, hanyoyinmu kuwa hanyoyin shanu ne. In raunin mai zurfi ne ko mai datti, a je a tambayi allurar rigakafi.

Sai zafin rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya yana jiri ko ciwon kai, a sa shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in da ruwan gishiri da sukari ya fi. In ya fara sambatu ko ya suma, a ci gaba da jiƙa shi ana hanyar asibiti, kada kuma a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Ke Ma Da Kanki

Uwargida, kada ki karanta wannan don yara kaɗai. Ke ce kan zame a bakin rijiya, ke ce kan faɗo daga bayan babur, ki tashi ki gyara mayafi ki ce ba komai don kada a taru a kanki. In kina da juna biyu kika faɗi, kika ga jini ko ruwa, ko ciki ya murɗa, ko motsin ɗan ya ragu, ki faɗa wa maigida ko uwar miji a lokacin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tukunyar da kike tsoron bari a kan murhu wata za ta iya sauke ta, amma 'ya'yanki ba su da wata uwa sai ke.

Ke kuma ƙanwata 'yar makaranta, in kin faɗi ki faɗa, ko ga mama, ko ga yaya, ko ga malama. Faɗan da za a yi miki na yini ɗaya ne, hannu kuwa na tsawon rai ne. Matan nan da na ba ki labarinsu ba wanda ya isa ya kira su ragwaye, amma ɗaya ta tsaya tsakiyar tsere ta nemi likita, ɗaya kuma ta kwanta da aka ce ta kwanta. In ana wasannin makaranta kika bugu a ka, ko ƙawarki ta bugu, ranar nan wasa ya ƙare, ko da ku ne a gaba.

Iyaye kuma mu sauƙaƙa wa yara faɗar gaskiya. Yaro ya shigo da keke a karkace, tambayar farko ita ce, "Ina ka bugu?" Ki ɗaga rigarsa ki duba da idonki, ki sa shi ya ɗaga hannuwa, ya taka ki gani. Zancen wa ya ba shi izini, da kuɗin gyaran taya, ya jira sai gobe. Yaron da ya san za a fara duba jikinsa kafin a tuhume shi, shi ne zai zo da kansa ya nuna inda ke masa ciwo.

Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.